Ku Tambaya, Mu Amsa: Hayar Gidan Hutu a Ƙauyukan Ingila

Saƙonnin da suka taru a wannan fili cikin watan nan, da yawansu kan abu guda suke. Iyalai ne daga Yamai da Tawa masu shirin zuwa Ingila, wasu bikin kammala karatun ƴaƴansu, wasu ziyarar dangi, aka kuma ba su shawarar su bar otal su kama gida a ƙauye na mako ɗaya. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Ɗana zai gama karatu a Bamingam cikin watan Yuli. Mu bakwai za mu tafi, har da mahaifiyata. Ya ce kuɗin otal zai cinye mu, gara mu kama irin gidan nan da mutum ke dafa wa kansa. Wane irin gida ne, kuma yaya ake kama shi? Daga wani uba a Bukoki, Yamai.

Amsa: Allah ya sanya wa karatun albarka, Alhaji. Shawarar yaro tana kan hanya, amma a san abin da za a tarar. Gida ne cikakke: gadaje da zannuwansu, tawul, kicin mai murhu da firigo da tukwane, galibi har da injin wanki. Abin da babu shi ne mutum. Ba mai gadi, ba mai shara, ba wanda za a ƙwala wa kira ya kawo ruwan zafi. Sau da yawa har ku shiga ku fita ba za ku sa mai gidan a ido ba. Makulli yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafe a bango kusa da ƙofa, ana buɗe shi da lambobin da za a turo muku kafin ranar. Ku rubuta lambobin nan da kwatancen gidan a takarda tun kuna cikin gari, don ƙauyuka da yawa rezo ba ya kamawa sosai.

Ta intanet ake kamawa, wajen kamfanonin da wannan ce sana'arsu irin su Sykes, ko ƙungiyar National Trust da ke kula da tsofaffin gine-gine da filaye tun 1895, wadda ita ma tana ba da hayar wasu gidajenta. Yawanci ana ba da kafin alƙalami, rubu'i zuwa sulusin kuɗin, cikon kuma makonni shida zuwa takwas kafin ranar shiga. A nan ne mutanenmu ke yin asara: lokacin biyan ciko yakan zo biza ba ta fito ba. Ana iya neman bizar ziyara tun saura wata uku, amsa kuma takan ɗauki kamar mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Don haka ku nema da zarar wata ukun nan sun kama, kuma ku zaɓi gidan da ake mayar da kuɗi in tafiya ta fasu. Ku je banki a ɗaga muku iyakar abin da katinku zai iya biya a waje. Wanda duk ya ce a turo masa kuɗi hannu da hannu ta WhatsApp ko Facebook, ku rabu da shi.

Makarantun Ingila suna shiga dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin ne haya ke kai ƙololuwa. In bikin ya faɗo farkon wata, ku kama makon da ke biye nan take. Daga Bamingam, yankin karkara na Cotswolds tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, Peak District ya ɗan fi haka. Cornwall kuwa awa huɗu zuwa biyar, ba mu ba ku shawararta da tsohuwa ba.

Saboda Hajiya babba, kada ku biya sai kun tabbatar akwai ɗakin kwana da bayi a ƙasa. Gidajen nan na dutse wasu sun shekara ɗari biyu ko uku, matakalarsu a tsaye take kuma ƙunci gare ta, ƙofofin gajeru ne har dogon mutum sai ya sunkuya. Sannan in an rubuta gidan na mutum shida ne, to shida ne, ba a shimfiɗa wa na bakwai tabarma a falo, domin inshorar gidan da ka'idar gobara a kan wannan adadin suke. In dangi za su zo wuni daga birni, a fara neman izinin mai gida a rubuce.

Tambaya: Ni ba na iya cin abincin Turawa. Na tanadi kilishi, cuku, man shanu, albasar Galmi, kuka, yaji da busasshen kifi. Akwai wanda za a hana ni shiga da shi? Daga wata Hajiya a Tawa.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, huɗun farko ki bar su gida. Doka ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga Birtaniya da nama ko abin da aka yi da nono, ɗanye ne ko busasshe, komai kyan ƙunshinsa. Kilishi nama ne, cuku da man shanu nono ne. In an kama za a ƙwace a lalata, wanda ya ɓoye kuma tara na iya hawa kansa har fam 5,000. Albasa da sauran ɗanyen kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, wahalarta ta fi albasar. Busasshen kifi an yarda har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kilo 2, dabino ma an yarda. Kuka, yaji da garin kuɓewa, ki niƙa su sosai, ki ɗaure cikin leda mai kyau, ki rubuta sunan kowane a jiki. Abin da kike shakka a kansa, ki nuna wa jami'an duwan da kanki kafin su tambaya.

Nama kuwa a birni za ku saya kafin ku kama hanyar ƙauye. Bamingam, Manchesta, Bradford da Leicester duk cike suke da mahautan halal da kantunan ƴan Asiya da ƴan Afirka, amma kantin ƙauye da wuya ki samu. Ga mutum bakwai na mako ɗaya, lissafi mai kyau shi ne shinkafa kilo 5 zuwa 10 gwargwadon cinku, kaji huɗu, naman rago kilo 3, albasa kilo 4, tumatirin gwangwani takwas, mai lita 2, sukari kilo 2, da garin samolina ko na masara don tuwo. Ki sa a yanka naman a rarraba shi ƙulli-ƙulli na girkin kowace rana, don wurin ƙanƙarar firigon gidajen nan ƙarami ne. A kantin nan dai ki sayi babbar tukunya ɗaya, na gidan ba za su ɗauki tuwon mutum bakwai ba. Muciya ki taho da taki.

A jikin kayan kanti ki sa yara su duba waɗannan kalmomi: pork, ham, bacon, gammon da lard, duk alade ne ko kitsensa. Gelatine ma, da ke cikin alewar yara da yawa, galibi daga alade take. Masu gida kan ajiye wa baƙi ɗan kwandon maraba, wani lokaci da kwalbar giya a ciki, sai ku rubuta musu tun da wuri cewa a bar ta. Kaskon suya da tiren gashi ki sake wanke su da kanki. Kuma ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su, yawanci zuwa ƙarfe 4 ko 5 na yamma sun rufe.

Tambaya: Maigidana ba ya wuni bai dafa shayi ba, ya ce zai tafi da ɗan murhunsa ya sayi gawayi a can. Ni kuma ba na rabuwa da turaren wuta. An ce mana ko a watan Yuli da sanyi. Yaya za mu yi? Daga wata uwargida a Wadata, Yamai.

Amsa: Cikin duk saƙonnin watan nan, naki ne muka fi so kowa ya karanta, domin a nan maganar rai ce. Kada a kunna gawayi cikin gidan nan, ko a kicin, ko a baranda mai rufi, ko da taga a buɗe. A gida ana hura gawayi a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, iska na kaiwa da komowa. Gidan Ingila an gina shi ne don ya riƙe ɗumi: tagogi gilashi biyu-biyu, bakin ƙofa da roba, ba inda iska ke zirarewa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana ci gaba da fita ko bayan garwashin ya yi kamar ya mutu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma takan kama mutanen ɗaki gaba ɗaya. Wanda ta samu yana barci ba lalle ya farka ba. In kun ji haka, ko ƙararrawar da ke gano ta a gidan ta yi kuka, kowa ya fita waje, a bar ƙofofi a buɗe, a kira 999, lambar agajin gaggawa.

Malam ya dafa shayinsa a murhun kicin, wuta ƙasa-ƙasa, zai yi kumfa yadda yake so. Sai dai wasu murahun lantarki masu fuskar gilashi ba sa kama tukunyar alminiyam sam. Gwajin mai sauƙi ne: in maganaɗisu ya manne a gindin butar shayin, za ta yi. In ya matsa sai gawayi, to can cikin lambu, nesa da bango, bisa dutse, bayan mai gida ya yarda. Gidaje masu rufin ciyawa, irin waɗanda ake gani a Cotswolds da Devon, galibi an hana kunna kowace irin wuta kusa da su.

Turaren wuta matsalarsa biyu. A silin akwai ƙararrawar hayaƙi, a gidaje da yawa haɗe suke, ɗaya ta tashi duka su tashi. Sannan ƙamshin yana kama labule da kujeru, masu shara su lissafa shi da shan taba, a cire kuɗin wanki daga kuɗin ajiyar da kuka bari saboda ɓarna. Kada a cire batirin ƙararrawa, kada a ɗaure ta da leda. Ki turara kayanki tun a Yamai ki ƙulle su a leda, ki riƙe humra da turaren shafawa, za su kai ki mako. Suya ma tana tayar da ƙararrawar, don haka ki kunna fankar da ke bisa murhu, ki buɗe taga, ki rufe ƙofar kicin.

Sanyi kam akwai. Da rana a Yuli zafi kan tsaya wajen digiri 20, da dare ya sauko kusan 12, ga yayyafi ba sallama. Gidan yana da injin da ke dafa ruwa ya tura shi cikin faya-fayan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Akwai ɗan ma'aunin zafi a bango, ku sa shi tsakanin 19 da 21. Murɗa shi zuwa 30 ba ya sa gida ya yi saurin ɗumi. In ɗaki ɗaya ya ƙi, ku duba marfin da ke gefen faifan, mai lamba har zuwa 5, wataƙila a rufe yake. In duk gidan ne, to agogon injin ne aka saita ya kashe da rana ko lokacin bazara, bayaninsa yana cikin kundin da ake ajiyewa bisa teburin kicin. Kundin nan a karanta shi daren farko.

In akwai murhun itace na ƙarfe mai ƙofar gilashi, ga yadda ake hura shi. A buɗe mashigar iska gaba ɗaya. A jera itace biyu busassu a ƙasa, ƙirare shida zuwa takwas a bisa, da ɗan farin dunƙulen kunna wuta guda ɗaya. A kunna, a bar ƙofar a ɗan sage na ƴan mintoci, sannan a rufe. Bayan kamar minti 15, in wuta ta kama, a rage iska. In hayaƙi ya dawo ɗaki, ko itacen ɗanye ne ko mashigar a rufe take. Ba a zuba kananzir ko esansi, ba a jefa leda. Gilashin yana ƙona hannun yaro nan take. Toka a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe a kai waje.

Tambaya: Ƙanwata da ke can ta ce in yi hankali da ruwa a bayi. Mene ne abin hankali a ruwan tsarki da alwala? Daga wani malamin lakwal a Tawa.

Amsa: Gaskiya ta faɗa maka, Malam. Bayinmu siminti ne mai magudana, ka sheƙa ruwa ya wuce. Nasu daɓensa katako ne aka lulluɓe da tayil ko leda, wani ma da kafet, kuma ba rami a ƙasa. Ruwan da ya zuba yana bin tsagar katako ya sauka bisa silin ɗakin da ke ƙasa, inda wayoyin fitilu suke. Kwana biyu ana haka sai ka ga tabo ruwan ƙasa a silin falo, ko fitila ta ɗauke wutar gidan. Gyaran wannan yana iya fin kuɗin hayar.

Ka tafi da butarka, ƙarama mai lita ɗaya, a yi tsarki a zaune bisa masai yadda ruwan zai faɗa ciki. Wankan bokiti a yi shi cikin bahon wanka, a sa gindin labulen ta ciki. Wajen alwala, fuska da hannu a kwanon wanke hannu, ƙafa kuma cikin baho. Kada a ɗaga ƙafa a ɗora bisa kwanon, a bango aka kafe shi, yana iya ɓallewa, dattijo kuma yana iya zamewa. A shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, a shanya shi kullum.

Gidaje da yawa tankin ruwan zafi gare su, mutum uku ko huɗu suka yi wanka a jere ya ƙare, sai an jira kamar awa guda. Ku raba, wasu da safe wasu da yamma. A tsofaffin gidaje pampon zafi daban na sanyi daban, na zafin yana iya sale fata, sai a haɗa a bokiti, a fara da na sanyi. In shawa ta ƙi zafi, nemi igiyar da ke rataye daga sili ka ja, ita ce makunninta. Ruwan sha a ɗiba a pampon sanyi na kicin. Gidajen ƙauye da yawa ramin masai nasu ne na kansu, ban da takardar bayi ba a jefa komai: ƙunzugun jarirai, audugar mata da tsumman goge jiki duk kwandon shara. Man suya ma a juye shi a kwalba, ba a zuba shi a magudanar kicin.

Tun da muna kan kayan gida: ƙarfin kuran ɗinsu volt 230 ne, cajar salula za ta yi aiki, amma bakin soket ɗinsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa. Ka sayi mahaɗi biyu ko uku. Yawancin soket suna da makunni a jiki, in caji ya ƙi, shi za ka fara dubawa.

Tambaya: Dole ne sai da mota? Permina na Nijar zai yi? Daga wani ɗan kasuwa a Yantala, Yamai.

Amsa: Kusan dole ne. Ƙauye ba kabu-kabu, taksi sai an kira tun da wuri, bas kuma wani wurin sau biyu ko uku a wuni, Lahadi babu. Baƙo yana iya tuƙi da permin ƙasarsa har wata 12, amma kamfanonin haya sukan nemi permin ƙasa da ƙasa da katin banki mai sunan direba, don haka ka yi shi kafin ka taso. A hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, giya a hannun hagu. Ka nemi mota mai canza giya da kanta tun da wuri. A shataletale ana bi ta hagu, ana ba wanda ya fito ta damanka hanya. Alluna da mil suke: 30 cikin gari, wato kilomita 48, wasu unguwanni 20, 60 a hanyar karkara, 70 a babbar hanya. Kada 60 ɗin nan ta ruɗe ka. Hanyar ƙauye wata faɗin mota ɗaya ce, shinge ko katangar dutse dama da hagu, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. In kun haɗu da wata mota ko tarakta, wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi ke ja da baya. Yaro sai da kujerarsa ta yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya fara kaiwa. A gidan mai kai za ka zuba da kanka: baƙin tiyo gazuwal, kore esansi. Kuma kada ranar da ka sauka daga jirgi, bayan kwanan zaune ta Istanbul ko Kasabalanka, ta zama ranar da za ka fara tuƙi.

Tambaya: Ina gabas take a can, kuma yaya lokutan salla? Daga wata ɗaliba a Yamai.

Amsa: Ɗiyata, alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, wajen digiri 118 daga arewa. Ƙarshen Yuni da farkon Yuli rana na fitowa kafin 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, shafaƙi kuma ba ya gushewa sosai, shi ya sa masallatai ke bambanta kan isha da asuba. Ki ɗauki jadawalin babban masallacin da ya fi kusa ki bi shi. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya. Ƙauye ba masallaci. In ranar shigarku Juma'a ce, maza su yi salla a birni sannan a kama hanya, tun da ba a ba da gida sai wajen 4 na yamma.

Tambaya: An ce tumaki ko'ina. Za mu iya sayen rago wurin manomi mu yanka don walima? Daga wani kawu a Tawa.

Amsa: A'a, Kawu. Yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Ka yi odar rago guda wajen mahaucin halal a birni. Gonakin nan kuma masu su gare su: a bi turbar ƙafa mai alama kawai, a mayar da ƙyaure yadda aka same shi, a nisanci saniya mai ɗan maraƙi. Yara in sun dawo daga cikin ciyawa a duba jikinsu saboda kaska. Wanda zazzaɓi ya kama, a kira 111, lambar neman shawarar likita, a faɗa musu daga Nijar ya zo, don a gwada shi zazzaɓin cizon sauro. Ku yi inshorar lafiya kafin tafiya, kwanciyar asibiti ga baƙo tsada gare ta.

Tambaya: Me ke sa a riƙe wa mutum kuɗin ajiyarsa? Daga wata mai karatu a Lazare, Yamai.

Amsa: Bayan ruwa da hayaƙin da muka ambata, sai tabo da shara da makara. Sabon lalle yana rina farin zanen gado da tawul, ki ƙunsa naki tun saura kwanaki ki taso. Manja da kori suna kama teburin kicin in ba a goge nan take ba, tukunya mai zafi kuma tana bar wa katako baƙin zobe, a sa mata matashi. Shara rarrabe ta ake yi, kwalabe da gwangwani da kwali daban, sauran daban, kowace da durom ɗinta da ranar kwasarta, a fitar da shi bakin hanya tun daren. Leda in an bar ta a ƙasa, yanyawa za ta yage ta kafin safiya. Ranar da kuka shiga ki ɗauki hoton kowane ɗaki da duk abin da kika tarar a fashe, ki tura wa mai gida a ranar. Abin da ya fashe a hannunku ku faɗa da kanku, kofi ɗaya ko biyu ba a cika cajin mutum ba. Fita yawanci ƙarfe 10 na safe ce, masu shara na tsaye don wasu baƙin za su shiga da la'asar. Ku haɗa kaya tun dare, a wanke kwanuka, a kwashe firigo, a rufe tagogi, a sake ɗaukar hoto, a mayar da makulli cikin akwatinsa a juya lambobin.